Sayen gida a Ingila: aikin lauya da inda ake yawan tuntuɓe

Ɗan Zazzau:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce ga waɗanda suka san kan sayen gida a nan Ingila. Gida ne mai ɗaki uku a gefen Manchesta, an sallama a kan fam 280,000, dillali kuma sai matsawa yake a ɗauki lauyan da ya kawo. Dole ne a ɗauki nasa? Da aka ce an sallama, ciniki ya faɗa ke nan? Sannan wani ɓangare na kafin alƙalami daga Najeriya zai zo, gudummawar mahaifi ce, saura kuma kwasar adashi. Akwai kuma gida a Zariya da sunan mai sayen. Ko waɗannan sun shafi lauya?

Malam Bakatsine:

Wa alaikumus salam. Ba dole ba ne, Malam. Sau da yawa dillali yana da la'adarsa a kan duk wanda ya tura wa lauyan, kuma kana da ikon tambayarsa nawa ake ba shi. Nemi farashi a rubuce daga wurare uku, ka ce a raba maka ladan aikin lauya da kuɗin da zai biya wasu a madadinka, irin na bincike da na rajista, kuma a nuna ko an haɗa harajin VAT na kashi 20. Ka duba sunansa a rajistar SRA, hukumar da ke sa ido kan lauyoyi, ko ta takwararta CLC idan ba cikakken lauya ba ne, mai lasisin cinikin gida ne kawai. Abu na biyu, ka tambaye shi ko yana cikin jerin lauyoyin da bankin da zai ba ka bashi ya amince da su. In ba ya ciki, banki zai ɗauki nasa, kai za ka biya su biyun.

Batun sallamawa kuwa, a Ingila da Wales ba ta ɗaure kowa ba. Har sai lauyoyin biyu sun yi musayar kwantiragi, mai gida na iya juya baya ya sayar wa wanda ya ƙara kuɗi, kai ma kana iya fasawa, kuma abin da ka kashe a bincike ya tafi ke nan. Sikotlan tsarinta daban, kada a haɗa.

Kafin musayar, lauyan mai gida zai aiko da daftarin kwantiragi, da takardar mallaka daga HM Land Registry, ofishin rajistar filaye da gidaje na gwamnati, da fom TA6 wanda mai gida ke bayyana rikicin maƙwabta, iyakoki, ambaliya da gyare-gyaren da aka yi, sai TA10 mai nuna abin da za a bari a gidan, tun daga murhu har labule. Lauyanka zai nemi bincike a ƙaramar hukuma, da kamfanin ruwa, da na muhalli. A yankin Manchesta a ƙara da binciken tsofaffin ramukan kwal, domin wurare irin su Wigan da Oldham an daɗe ana haƙa a ƙarƙashinsu. Inda aka fi ɓata lokaci shi ne ƙarin ɗaki ko gyaran saman rufi da aka yi babu takardar amincewar hukumar gini. Ko dai mai gida ya nemo takardar, ko ya sayi inshorar kariya. Kada kai ka ɗauki waya ka kira ƙaramar hukuma kana tambaya a kan gyaran, domin da zarar an ankarar da ita, kamfanin inshora ba zai yarda ya rufe matsalar ba.

Lauya ba ya zuwa ganin gida, takardu yake karantawa. Ƙimar da banki ke yi kuma don amfanin kansa ne. Tsagewar bango, danshi da ruɓaɓɓen katako aikin safiyo ne mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyo: mataki na 2 ga gida mai lafiya, mataki na 3 ga tsohon gini.

Hajiya Maman Ummi:

Malam Bakatsine ya share fage, amma gidan Zariyan nan shi ne babbar magana. Ɗan'uwa, harajin sitam, wato harajin da mai sayen gida ke biya, ba ruwansa da cewa gidan yana Najeriya. Sauƙin da ake yi wa mai sayen gidan farko na wanda bai taɓa mallakar gida ba ne a ko'ina a duniya, ko saye ne, ko kyauta, ko gado.

Ga lissafin a kan fam 280,000, bisa ƙa'idar da ta fara aiki 1 ga Afrilu 2025. Mai sayen gidan farko ba ya biyan ko kwabo har zuwa 300,000. Wanda ya taɓa mallakar gida amma yanzu ba shi da shi: 125,000 na farko babu haraji, 125,000 na biyu kashi 2, wato 2,500, ragowar 30,000 kashi 5, wato 1,500. Jimla 4,000. Wanda kuwa har yanzu yana riƙe da wani gidan da darajarsa ta kai fam 40,000, za a ɗora masa kashi 5 na dukkan farashin, 14,000, ya zama 18,000. Gida ɗaya ne, amma daga sifili zuwa 18,000. Miji da mata kuma a wannan ƙarin kamar mutum ɗaya ake kallonsu, ko da sunan ɗaya ne kawai a takarda. Lauya ne zai cike fom ɗin ya biya cikin kwana 14 da kammala ciniki, amma da sunanka ake bayanin, kai hukumar haraji ta HMRC za ta bi da tara da kuɗin ruwa idan an ɓoye. A sa ƙwararren mai ƙiyasta kadara a Zariya ya rubuto darajar gidan, a juya ta zuwa fam, a ajiye takardar.

Sai asalin kuɗi. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2017 ta ɗora wa lauya alhakin sanin inda kowane fam ya fito, kuma zai iya ajiye aikinka idan bai gamsu ba. Ga gudummawar Baba, za a nemi fasfo ɗinsa, shaidar adireshi, bayanan asusunsa na banki na watanni (yawanci uku zuwa shida), da hujjar yadda ya sami kuɗin: takardar sayar da fili, fansho ko ribar kasuwanci. Zai sa hannu a wasiƙar cewa kyauta ce, ba rance ba, kuma ba shi da haƙƙi a gidan. Bankin bashi ma sai an gaya masa, wasu bankunan ma ba sa karɓar kyautar da ta fito daga wajen Birtaniya, don haka a tambaya tun kafin a cike takardar neman bashi. A turo kuɗin daga asusun Baba zuwa naka ta hanyar da ke barin shaida. In aka bi ta ɗan canji, naira ta shiga asusun wani a Kano, fam ta faɗo maka daga asusun wani baƙo a Landan, igiya ta tsinke, babu lauyan da zai iya ɗaura ta.

Adashi ba laifi ba ne, bayaninsa ne ke da wuya. A tanadi jerin 'yan adashin, da shaidar zubin kowane wata ta banki, da wasiƙa daga uwar adashi. Kuma a sani, idan an kwasa da wuri ana ci gaba da zubi, banki na iya lissafa shi a matsayin bashi.

Abu Safwan:

Ƙari biyu. A arewa maso yammacin Ingila gidaje da yawa, ba fulat kaɗai ba, mallakar wa'adi ne, wato lisihol, wasu na shekara 999 da ɗan kuɗin ƙasa kaɗan a shekara. Wannan ba abin tsoro ba ne. Abin dubawa shi ne shekarun da suka rage, da ko kuɗin ƙasar yana ninkawa bayan wasu shekaru. Wa'adin da ya kusa sauka ƙasa da shekara 80 yana da tsadar sabuntawa, bankuna ma suna ja da baya. Takardar rajistar gidan fam 7 ce a shafin HM Land Registry, kana iya dubawa yau.

Na biyu, idan da iyali za a saya, lauya zai tambaya wace irin tarayya ake so, iri biyu ce. A ta farko, wanda ya rasu rabonsa na komawa kai tsaye ga wanda ya rage, wasiyya ba ta taɓa shi. A ta biyu, kowa da kasonsa, rabi da rabi ko 70 da 30, kuma kason mamaci na shiga cikin dukiyar gadonsa. Mai son a raba gadonsa bisa shari'a ta biyun zai zaɓa, ya kuma rubuta wasiyya, domin in babu ita dokar Ingila ce za ta yi rabon. Mutane kan sa alama a akwatin farko da gaggawa ba tare da sun karanta ba.

Wanda kuma zai bi tsarin da babu ruwa, irin na Gatehouse Bank, inda banki ke saye tare da kai kana fansar kasonsa a hankali, ya nemi lauyan da ya saba da shi. Takardun sun fi yawa, kuma galibi banki na da nasa lauyan daban.

Injiniya Gombawa:

Ranar musaya ake ba da kafin alƙalami, yawanci kashi 10, wato 28,000 a nan, a kuma tsayar da ranar karɓar makulli. Daga ranar musaya inshorar gini ta hau kanka, ba daga ranar tarewa ba. In ranar karɓar makulli ta zo kuɗi bai cika ba, za a ba ka sanarwar kwana 10 na aiki, in suka wuce mai gida ya riƙe 28,000 ɗin, ya kuma iya bin ka asarar da ya yi. Saboda haka kada a yi musaya sai takardar bashi tana hannu kuma kuɗin Najeriya ya riga ya sauka. Tsakanin musaya da kammalawa kada a ci bashin mota ko a sauya aiki, banki na iya janye tayinsa.

Hattara da 'yan damfara. Suna kutsawa cikin imel su aiko da saƙo kamar daga lauyanka, wai lambar asusu ta canza, galibi ranar Juma'a da rana lokacin da kowa ke sauri. Karɓi lambar asusun a takarda tun farko, ka kira ofishin da lambar wayar da ka riga ka sani, ka tura fam ɗaya, su tabbatar ya iso, sannan ka tura saura. Ka kuma tambayi bankinka iyakar abin da za ka iya turawa a rana, kwana biyu kafin lokaci.

In lauya ya yi sakaci, ƙorafi a rubuce ga ofishinsa tukuna. Suna da mako 8 su amsa, bayan nan sai Legal Ombudsman, ofishin da ke sauraron ƙorafi a kan lauyoyi.

Ɗan Zazzau:

Allah Ya saka da alheri. Hajiya, gidan Zariyan na gado ne, su bakwai ne a kansa. Hakan ya canza wani abu?

Hajiya Maman Ummi:

Ya canza rabi. A ƙarin kashi 5, darajar kasonsa ake dubawa, ba ta gidan duka ba, kuma da wuya kaso ɗaya cikin bakwai ya kai fam 40,000. Ko ya kai, kason gado da bai wuce rabi ba, wanda aka gada cikin shekara uku da suka wuce, ba a lissafa shi. Amma sauƙin mai gidan farko ya tafi, don ya riga ya mallaki kaso a gida. A ware 4,000, a kai wa lauya takardar rabon gadon daga kotu tare da fassararta tun a zaman farko.