Sifesa da gugar taya a Hilux ɗin da aka ɗaga: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tsakuro daga muhawarar da aka yi kan ko sifesa (faifan ƙarfen da ake sawa tsakanin rim da cibiyar ƙafar mota) na hana taya gugar jikin Hilux ɗin da aka ɗaga.

1. Kusan kowa ya yarda ɗaga mota ba ya kawar da guga. In motar ta faɗa rami ko kwazazzabo, tayar na komawa inda take hawa tun asali. Babbar taya mai lamba 285/70R17 a madadin mai lamba 265/65R17 za ta iya taɓa jiki ko da an ɗaga da inci 2.

2. A fara gano inda take gugar. In daga ciki ne, jikin ƙarfen hannu na sama (wanda ke riƙe ƙafar gaba daga sama), sifesa na maganinsa, tunda tana turo tayar waje. In kuwa robar tare laka ko gefen bamba take ci idan an murɗe sitiyari, sifesa ƙara ɓata lamarin take yi. Nan ne da yawa suka yi asarar kuɗinsu. A irin wannan, sai a rage robar ko bakanike ya gyara saitin ƙafa.

3. Mai sa sifesa ya nemi wadda ta zauna daidai kan cibiya: noti 6, faɗin da'irar notunan milimita 139.7, ramin tsakiya milimita 106.1. A sake ɗaure notunan bayan kamar kilomita 100.

Inda aka rabu: wasu sun ce sifesa na saurin cinye boris, gara a sayi rim mai fitowa waje. Wasu suka ce ai nauyin da ke hawa kan boris ɗaya ne, ko rim ko sifesa. A ganina na biyun sun fi hujja, sai dai rim ba ta da ƙarin notunan da za su kwance a hanya.