Sabar biyu a kan ƙofa ta 80

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Ina kula da kwamfutar wani shago a Ikeja, inda Apache, wata manhajar sabar mai miƙa shafukan intanet ga baƙi, ke riƙe da ƙofa (port) ta 80, wadda buƙatun shafukan intanet ke shigowa ta cikinta. Da na girka Nginx, wata manhajar sabar irin Apache, sai ya ƙi tashi, yana cewa an riga an kama ƙofar. Shin akwai hanyar da za su yi tarayya a kanta?

Malamin Idi-Araba: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ƙa'ida, manhaja ɗaya ce ke sauraro a ƙofa ɗaya bisa adireshin IP ɗaya. Shawarata ita ce ka mayar da Apache ƙofa ta 8080 a adireshin 127.0.0.1, wato adireshin cikin gida na kwamfutar kanta, ka bar Nginx a gaba kamar mai gadi, yana duba sunan shafin da baƙo ya nema, sannan ya miƙa buƙatar ga mai ita ta umarnin proxy_pass.

Hajiyar Obalende: Gaskiya ne, Malam. Sai dai kada a manta da ƙofa ta 443, wadda shafuka masu tsaro (HTTPS) ke amfani da ita, domin takardun shaidar tsaro dole su koma hannun Nginx.

Ɗan Agege: Na gwada, shafin Apache da na Nginx duka sun buɗe. Allah ya saka da alheri.