Admin na kwamfuta: wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

Jama'a, ku taya ni da kalma ɗaya. Jiya ina gwada fassara ɗan akwatin nan da ke ɓullowa a GNOME, wani tsarin fuskar kwamfuta na Linux, idan ka je ƙara sabon mai amfani: ka latsa maɓallin buɗewa, fuskar kwamfutar ta dushe, a ce sai ka kawo kalmar sirrin admin. Nan na cije.

Da can ba a damu da sunan ba. Mai wannan aiki baƙin allon rubuta umarni yake buɗewa ya rubuta sudo, wato umarnin aron ikon admin, kuma ya riga ya san abin da yake yi. Amma tun da aka fara KDE, takwarar GNOME, a 1996, GNOME ta biyo a 1997, aikin ya yi ta komawa latsa-nan-latsa-can: saita firinta, gyara agogo, girka manhaja, haɗa intanet. SUSE, wani kamfanin Linux, ta tattara su a manhajarta YaST, Windows kuma tun Vista a 2007 take tsayar da mutum ta nemi izini. Yanzu wanda bai taɓa ganin baƙin allo ba shi ke karanta akwatin, to dole kalmar ta gaya masa nauyin abin da zai taɓa.

Barin admin yadda yake bai kwanta mini ba. Da ka faɗa, zuciya sai ta tafi wurin wanda ke korar mutane daga guruf ɗin WhatsApp.

Wani ya ce mai gudanarwa. Ba laifi, sai dai ta yi faɗi: mai gudanar da taro ma sunansa ke nan. Shugaba kuwa ta yi girman kai, maigida kuma ta bar mata a waje.

Ni dai na tsaya a kan majiɓinci. Majiɓincin al'amari ba lallai shi ke da abu ba, amma shi aka damƙa wa, yana da ikon zartarwa, kuma in ta ɓaci shi za a tambaya. Haka tsarin yake. Ka sauya hoton bangon kwamfuta, ba wanda zai ce maka uffan, domin kusurwarka ce. Ka taɓa agogo ko ka goge asusun wani, ka shiga abin da ya shafi kowa, sai polkit, mai tantance izini a Linux, ya tare ka a ƙofa ya ce waye kai. A Ubuntu ma, wani nau'in Linux, asusun root mai cikakken iko a kulle yake zuwa. Wanda ya girka na'urar shi ake ara wa ikon na ɗan lokaci, ya gama ya ajiye. Riƙon amana ne, ba sarauta ba.

Ga wani daɗin: kalmar tana haihuwa. Majiɓinciya, majiɓinta, aikin kuma jiɓintar na'ura. Shafin da ya tara kayan aikin sai ya zama Kayan Jiɓinta.

Malama ɗaya ta ce mini, “Malam, ai yara ba su san ta ba.” Gaskiyarta. Amma sun san manhaja shekarun baya? Tsawon kalmar majiɓinci ne ya fi damuna, don maɓalli ba ya ɗaukar doguwar kalma.

Root ban taɓa shi ba, sunan asusu ne, in aka mai da shi saiwa, wato ma'anarsa a Hausa, umarni ba zai yi aiki ba.

Ga yadda akwatin ya fito: “Wannan sauyi ya shafi duk masu amfani da na'urar. Shigar da kalmar sirrin majiɓinci.” Ku karanta da ƙarfi ku ji ko harshe ya yi tuntuɓe.