Mu ke zaɓen shugabanni ko alƙalan Kotun Ƙoli?

Tsohon Malami:
Assalamu alaikum. Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi, amma akwai lissafin da har yau ya gagare ni. A 1979, karon farko da na kaɗa ƙuri'a, doka ta ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a biyu bisa uku na jihohi 19. Shagari ya samu a 12, a Kano bai kai ba. Awolowo ya garzaya kotu, Kotun Ƙoli ta ce biyu bisa ukun 19 ai 12 ne da biyu bisa uku, aka yanka Kano gida uku aka ɗauki biyu. Jiha kuma ana yanka ta kamar tsire? Na ce to, sau ɗaya ne. Sai ga Zamfara a 2019, an soke ƙuri'un APC kaf. Sai Imo a 2020, wanda INEC ta ce ya zo na huɗu ya zama gwamna. Masana, don Allah, layin da muke bi cikin rana na mene ne?

Ɗalibar Shari'a:
Wa alaikumus salam, Baba. Kotu fa ba ta zuwa da ƙafarta, kai mata ƙara ake yi. A Zamfara 'yan APC ne suka maka juna, kotu ta ce ba a yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta tanada ba, don haka jam'iyyar ba ta da ɗan takara tun farko. Sashe na 1 na tsarin mulkin 1999 ya ce shi ne sama da kowa, kuma dole a samu mai fassara shi idan gardama ta tashi. Na Imo kam, da sakamakon rumfuna 388 da aka ƙara, ni ma ban iya kare shi ba. Kuma a 1979 ba kai kaɗai lissafin ya gagara ba, Mai Shari'a Kayode Eso, ɗaya daga cikin alƙalan Kotun Ƙolin, ma ya ƙi yarda.

Maƙwabcinku na Nijar:
Ku gode wa Allah ana bin hukuncin. A 2009 kotun tsarin mulkinmu, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta ce wa Shugaba Tandja zaɓen raba gardamarsa na tazarce haramtacce ne. Me ya yi? Ya rusa kotun, bayan ya riga ya rusa majalisa, ya yi zaɓensa a watan Agusta. Sai a Fabrairun 2010 sojoji suka kawar da shi. Alƙali ba shi da bindiga, alƙalami kawai gare shi.

Baban Ummi:
Ni a ganina lokaci ne ke ɓata komai. A Kenya kwana 14 Kotun Ƙoli ke da shi ta yanke ƙarar zaɓen shugaban ƙasa, kafin rantsuwa. Shi ya sa a 2017 Alƙalin Alƙalan Kenya Maraga da abokansa suka iya soke zaɓen Uhuru Kenyatta. Mu kuwa kwana 180 a kotun farko, 60 a ɗaukaka ƙara. A 2023 an rantsar da shugaban ƙasa ranar 29 ga Mayu, hukuncin ƙarshe sai 26 ga Oktoba. Wanda ake ƙara yana kan kujera, 'yan sanda da baitulmali na hannunsa. Kada kuma a manta an dakatar da Alƙalin Alƙalai Onnoghen a Janairun 2019, ana saura makonni a yi zaɓe.

Tsohon Malami:
'Yata, na gode, na Zamfara ya shiga kaina yanzu. Baban Ummi, maganarka ta kwana 14 ta kama ni. To wa zai gyara? Gyaran tsarin mulki sai da biyu bisa uku na Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24 cikin 36. Wannan dai ya rabu daidai, babu jihar da za a yanka, amma masu jefa ƙuri'ar su ne ke cin gajiyar jinkirin.