Shin littattafan Perry Mason suna da amfani ga ɗalibar shari'a?

Ɗaliba daga Jos:
Assalamu alaikum. A makon jiya na sayi littattafai uku na Erle Stanley Gardner a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a kasuwar Taminus da ke nan Jos, takardunsu duk sun yi ja, ɗaya ma an liƙe bangonsa da salatif. Cikin dare biyu na gama na farko. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda lauya Perry Mason yake matsa wa mai ba da shaida da tambayoyi har ya amsa laifin kisa da bakinsa a gaban alƙali. Ina aji uku a sashen shari'a, shi ya sa nake tambaya, haka ake yi a kotu, ko kuwa lokacina nake ɓatawa?

Tsohon lauya daga Abuja:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ba ki ɓata lokacinki ba. Gardner lauya ne da ya yi aiki a Kalifoniya kafin ya fitar da littafin Mason na farko a 1933, kuma ya rubuta fiye da 80 kafin mutuwarsa a 1970, saboda haka ya san sirrin yi wa shaida tambayoyi. Ki lura da yadda Mason yake farawa da ƙananan tambayoyin da ba wanda zai musanta, ya ɗora wata kan wata, har shaidar ya rasa hanyar komawa baya. Wannan darasi ne na gaske. Amma amsa laifi a cikin akwatin shaida, duk tsawon shekarun da na yi ina sa baƙar riga ban taɓa gani ba. A wurinmu shari'a tana tafiya ne da takardu, da ɗage zama, da haƙuri mai yawa.

Malamar adabi daga Jos:
Ni shawarata ki nemi Tragedy at Law na 1942, wanda Cyril Hare ya rubuta, shi ma lauya ne da ya zama alƙali a Ingila. Tunda daga can muka gaji tsarin manyan kotunanmu, za ki ga al'adun da kika sani, har da gashin kan da lauyoyi suke sawa. Labarin ba ya sauri kamar na Gardner, amma warwarar sa ta rataya ne a kan wata ƙa'ida ta doka, wadda ba zan faɗa ba don kada in ɓata miki karatun.

Ɗaliba daga Jos:
Na gode, Baba, na gode, Malama. Ranar Asabar zan koma Taminus in bincika ko zan dace da shi.