Horon ikkilisiya na talaka ne kaɗai?

Uwar Zumunta: Baba Dattijo, a gafarce ni, zan faɗi abin da ke ci mini rai. Yarinya ta yi ciki, kafin Lahadi ta zagayo an sanar da ita a gaban jama'a, an mayar da ita bencin baya, an hana ta Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai don tunawa da mutuwar Yesu. Amma wanda kowa ya san ya cinye kuɗin fanshon ma'aikata, shi muke kira ya shugabanci gidauniyar ginin majami'a. Na ce horonmu na talaka ne kaɗai.

Dattijo: Mama, ciki ba ya ɓuya, sata kuwa sai da shaida. "Kowa ya sani" ba shaida ba ce. A Littafi Mai Tsarki, Matiyu sura 18 ta ce a fara samun mutum shi kaɗai, in ya ƙi ji a je da mutum ɗaya ko biyu, daga nan a kai gaban ikkilisiya. Wa ya taɓa zuwa gidansa?

Uwar Zumunta: To ai tambayata ke nan, Baba. Ku dattawa wa ya hana ku zuwa? Gidan yarinyar ba ku ɓata hanya ba.

Ma'aji: Mu bi a hankali. Ni ba alƙali ba ne. In mutum ya sa baiko, zan tare shi in ce ina ya samo? Kwanon rufin nan da muke zama a ƙarƙashinsa fa?

Malamin Makarantar Lahadi: Yaya, ba baikon cikin kwando ake nufi ba, kujerar gaba ake nufi. Yakubu 2 ta yi magana kai tsaye a kan ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau. Zakka kuma, attajirin nan mai karɓar haraji da ya tuba a gaban Yesu a Yariko, bai ce zai yi rufi ba, cewa ya yi zai ba matalauta rabin dukiyarsa, ya mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Yaran ajina suna kallo. Ina hana su satar amsa a jarrabawa, ɗaya ya tambaye ni me ya sa ake tafa wa mutumin nan. Na rasa ta cewa.

Ma'aji: Mu ma ba mu tsira ba. Mai cika wa mudu gindi a kasuwa yana cikinmu, yana ma cikin ƙungiyar mawaƙan majami'a.

Dattijo: Wannan gaskiya ce. Amma ban yarda a kira sunan kowa daga bagade a kan jita-jita ba.

Uwar Zumunta: Ban ce a kira suna ba, Baba. Ku je gidansa ku biyu kafin ranar gidauniya. In kun rasa na uku, ga ni.