'Yata ta ce gidanmu ba mu da abin da muke yi tare lokacin kaka, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa iyaye. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba. Yau dai abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo kukana gare ku.

Ina aikin jinya a wani asibiti a arewacin Ingila, kwana 3 ko 4 a mako, awa 12 kowane zuwa, wani makon na dare. Maigidana direban bas ne, shi ma aikinsa na karɓa-karɓa ne. Yaranmu uku: babbar tana da shekara 10, tana ajin ƙarshe na firamare, mai bi mata shekara 7, sai auta namiji mai shekara 4.

Shekaranjiya ina zazzage jakar ta tsakiyar don in ciro kwanon abincinta, sai na ga wata takarda a cukwikwiye a ƙasan jakar. Ashe malamarsu ce ta ba su aiki, kowa ya zana abin da iyalinsu suke yi tare idan kaka ta shigo, ya rubuta layi ɗaya a ƙasa. Ita ƙofa ta zana, a rufe, har da hannun ƙofar. A ƙasa ta rubuta cewa muna yin shiru saboda Mama tana barci. Wallahi a tsaye nake, sai da na nemi kujera. Da na lallaɓa ta, ta ce wani a ajinsu ya zana gonar kabewa, wata ta zana tsinkar tuffa da kakarta, wani ya zana kansa cikin tulin ganye. Ta ce, "Mama, mu ba mu da namu." Ba kuka take yi ba, faɗa kawai take yi, kuma hakan ya fi yi mini ciwo.

Tun da aka koma makaranta a watan Satumba ban san inda kwanaki suke tafiya ba. In fita da duhu, in dawo da duhu. Wanki ba ya bushewa, aikin gida na yara ya taru, ranar da nake hutu kuma jikina ba ya ɗaukar komai. Ba na son in tsiro da abin da zai mutu bayan mako biyu, don yaro ba ya manta alƙawarin da aka karya masa. Ku da kuka riga ni, me kuke yi wanda ya ɗore? Sannan sun fara damuna da maganar Halowin, bikin nan na daren 31 ga Oktoba da yara ke sa kayan ban tsoro suna bi gida-gida neman alawa, su ma suna son fita ƙwanƙwasa ƙofofi, ni kuma raina bai kwanta ba. Na gode.

Maman 'yan biyu:
Wa'alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya sa wa aikinki albarka. Kafin komai, ki daina kallon takardar nan a matsayin ƙara da aka kai ki. Yarinya ce ta lura uwarta ta gaji, ta kuma koyi rage murya dominki. Wannan tarbiyya ce.

Ni ma aikin dare na yi shekara da shekaru. Abin da ya ɗore mana bishiya ce guda ɗaya a kan hanyar makaranta. Duk ranar da ni ce na ɗauko su, sai mu tsaya a gindinta, in ɗauke su hoto da waya a wuri ɗaya, kowa ya tsinci ganye guda ya zo da shi gida mu sa a tsakiyar wani tsohon littafi mai nauyi. Minti biyar ne. A farkon Oktoba ganyen kore ne, kafin wata ya ƙare ya koma ruwan ɗorawa, a Nuwamba sai rassa tsirara. Yanzu muna da hotunan shekara shida a gindin bishiyar nan, ana ganin yadda suke tsawo ita tana nan yadda take. Idan na manta, su suke ja mini mayafi.

Za su tambaye ki me ya sa ganyen ke sauya launi, to ga amsar. Sinadarin da ke sa ganye kore, kulorofil, shi bishiya ke haɗa abincinta da shi daga hasken rana. Idan yini ya gajarce sanyi ya shigo, sai ta daina ƙera shi, ta janye abin amfanin da ke cikin ganyen ta adana a jikinta. Ruwan ɗorawan nan dama yana cikin ganyen tun bazara, koren ne ya rufe shi. Ja kuwa sabo ne, a kaka ake yin sa daga sukarin da ya maƙale a ganyen, shi ya sa shekarar da aka samu rana da yini, dare kuma da sanyi, jan ya fi ƙayatarwa. Ki faɗa wa mai shekara 7 ɗin nan, gobe za ki ji ta kai wa malamarta.

Baban yara huɗu:
Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na karanta rubutunki sau biyu, maigida sau ɗaya ya fito, shi ma a wajen bayanin aikinsa. Kin nuna masa takardar? Idan ba ki nuna ba, ki nuna masa yau. Mu maza da yawa ba mugunta ke hana mu ba, ba mu san akwai giɓi ba ne sai an sa mana shi a gaban ido. Ku ɗauko jadawalin aikinku na wata, ku ɗora ɗaya kan ɗaya, ku nemo safiya ko yamma guda da ku biyun kuke gida. Idan babu, a nan Ingila tun watan Afrilu na 2024 ma'aikaci yana da 'yancin neman a sauya masa tsarin lokacin aiki tun daga ranar da ya fara aiki, sau biyu a shekara. Ba dole ne a amince ba, amma dole a duba a ba da dalili. Ni da haka na samu safiyar Asabar, kuma ni ke fita da yara, uwarsu ta yi barcinta ba tare da an ce kowa ya yi shiru ba.

Anti mai jikoki:
'Yata, ni tunatarwa zan yi miki kafin nishaɗi ya ɗauke miki hankali. Kin ce babbar tana ajin ƙarshe na firamare. Ranar 31 ga Oktoba ake rufe neman gurbin sakandare a Ingila, sakamako kuma sai farkon Maris. Idan ba ku cike ba, ki zauna daren nan. Shi ma autan, idan bai shiga ajin share fage ba tukuna, nasa 15 ga Janairu ne. Na ga iyaye masu aikin dare da ranar ta wuce su, suka sha wahala.

Wata uwa daga Kanada:
Sannu da ƙoƙari Maman yara. Ina ganin babban abokin gabarki a watannin nan duhu ne. Duk shirin da kika ɗora a kan "bayan an tashi daga aiki" zai rushe, domin a wajenku ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga ranar kuma kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi, zuwa Disamba ma kafin huɗu. Mu a nan sai Lahadin farko ta Nuwamba ake sauyawa. To ki raba abin biyu: na waje ki kai shi safiya ko da an taso makaranta nan take, na yamma kuma ki mai da shi na cikin gida.

Namu na cikin gida muna ce masa daren fitila. Daga ranar da aka sauya agogo, sau ɗaya a mako muna kashe wutar falo, mu kunna ƙaramar fitila ɗaya, mu shimfiɗa bargo a ƙasa, kowa da kofin abin sha mai ɗumi, waya tana ɗaki. Kowa ya ba da labari guda, ko na makaranta, ko wanda ya ƙirƙira. Na fi son wannan gare ki don ba ya bukatar ƙarfi. Ko kin dawo a gajiye, kina kwance autanki na kan cikinki za a yi shi. Akwai daren da barci ya kwashe ni a tsakiyar labarin ɗana, na farka na tarar sun lulluɓe ni sun ci gaba da abinsu.

Game da sauyin agogon, autanki zai riƙa tashi awa ɗaya kafin lokaci. Ki fara jinkirta kwanciyarsa da minti 15 kowane dare, kwana huɗu kafin ranar.

Ma'aikaciyar jinya, kamar ki:
Abokiyar aiki, kin san wannan amma mu ne muka fi kowa mantawa da kanmu. Gajiyar nan ba ta aiki ce kaɗai ba. Daga Oktoba zuwa Maris hasken rana a Ingila ba ya isa fata ta haɗa bitamin D, shi ya sa hukumomin lafiya suke ba da shawarar maikirogiram 10 a kullum a kaka da hunturu, masu duhun fata irinmu da masu rufe jiki kuma duk shekara, haka yara 'yan shekara 1 zuwa 4. Idan kasalar ta wuce misali ki je a auna jininki. Kuma idan kun fita tsintar ganye, ki sa ido kan autan. 'Ya'yan bishiyar nan masu sheƙi ruwan ƙasa da yara ke ɗaure wa zare suna gwabzawa ba a cin su, suna da guba.

Maman Yaya da Ƙanwa:
Maganar Halowin, ni ba na barin nawa, kuma ban ɓoye musu dalili ba. Amma na koyi cewa hani kawai ba ya wadatarwa, domin yaro yana jin hayaniyar 'yan'uwansa ta taga. Daren 31 ga Oktoba ni nake saya musu alawa da kaina, mu gayyaci yaran ƙawata, a ɓoye alawar a lungunan gida su nema da tocila. A unguwanni da yawa masu ƙwanƙwasawa gidan da aka ajiye kabewa mai haske a ƙofa suke zuwa, idan kin kashe fitilar waje galibi za su wuce.

Maman 'yan biyu:
Ni kuwa ina raka nawa, layinmu kawai, gida biyar ko shida na maƙwabtan da muka sani, ba kayan ban tsoro. Ban ce nawa ne daidai ba Maman Yaya, kowa da inda ransa ya kwanta. Abin da zan ce wa mai tambaya shi ne ku yanke shawara ke da maigida tun yanzu, ku faɗa wa yara da baki ɗaya. Kada a kai daren ana ja-in-ja a bakin ƙofa.

Baban yara huɗu:
Idan kun haƙura da Halowin, kwana biyar bayansa akwai daren wasan wuta na 5 ga Nuwamba, wanda ake tunawa da 1605, lokacin da aka kama Guy Fawkes da gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisar dokoki a Landan. Garuruwa da yawa suna shirya na jama'a a fili, kallo ne kawai. A sa wa ƙaramin abin toshe kunne, kuma kada a ba shi sandar tartsatsin nan, ba a ba yaron da bai kai shekara 5 ba.

Anti mai jikoki:
Na dawo, tunda na gama faɗan takardu. 'Yata, an ba ki shawarwari da yawa, kada ki kwashe duka, ki ɗauki ɗaya ko biyu. Ga nawa idan kina so. Duk kaka ni da jikokina muna binne albasar fure a tukwane. Na dafodil a Satumba ko Oktoba, na tulif a Nuwamba. A tona rami zurfin albasar sau uku, tsinin yana kallon sama, a rufe, a ajiye a waje, shi ke nan. Kowane yaro da tukunyarsa da sunansa a jiki. Sanyi da ruwan sama su za su yi sauran aikin, ba ban-ruwa ba komai, wanda ya dace da mace mai aikin awa 12. Duk tsawon hunturu za su riƙa leƙawa suna cewa ba abin da ya fito, sai wata safiya a Fabrairu ki ji ihu, kore ya ɓullo. Hattara dai, albasar dafodil tana kama da ta miya kuma guba ce, kada ta kwana a kicin, a wanke hannu bayan an gama.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri, na karanta kowanne, wasu sau uku. Anti, na gode ƙwarai, wallahi takardar sakandaren rabi muka cike muka bari, daren jiya muka ƙarasa muka tura.

Malam, na bi maganarka na nuna wa maigida zanen. Ya daɗe yana kallonsa bai ce komai ba, sannan ya ninke ya sa a aljihun rigar aikinsa. Mun duba jadawali, yammacin Laraba ne kaɗai muke gida tare a watan nan, to ita muka ba daren fitila. Halowin mun tsaya a kan na cikin gida, mun kuma faɗa musu tare. Babbar ta ɗan ɓata rai, amma da aka ce ita za ta ɓoye alawar sai ta saki.

Yau na ɗauko su daga makaranta, na ce su zaɓi bishiya. Sun yi musu sosai, a ƙarshe suka zaɓi wata da ke kusa da tashar bas, wai don babansu ya riƙa ganinta idan ya wuce. Ta tsakiyar ta tambaye ni ko malamarsu za ta yarda ta ba ta sabuwar takarda. Na rubuta wa malamar 'yar wasiƙa na sa mata a jaka. Tukwanen kuma Asabar zan sayo, in sha Allahu. Anti, albasa nawa ake sa wa a tukunya ɗaya?